Sawu a Yashin Dada

Ranar Litinin da hantsi Dada Sakinatu ta miƙa wa Udochi mai POS katinta na banki, kamar yadda ta saba duk farkon wata, ta ce a ciro mata na cefane. Na'urar ta yi ɗan kukanta, ta tofo takarda. Udochi ta duba, ta sake cusa katin, ta sake dubawa. Da ta ɗago kai, fuskarta ta riga ta canza.

"Dada, babu kuɗi a ciki."

"Na'uranki ne ba lafiya," in ji Dada. "Sake gwadawa, Mama Somto."

Ta sake. Na'urar lafiyarta ƙalau. Asusun ne aka kwashe tas.

Kowa a unguwarmu ta Wuro Hausa, cikin Yola, ya san kuɗin nan. Kuɗin sallamar mijin Dada ne, malamin firamare da aka kashe ranar da 'yan ta'adda suka shiga Mubi. Shekara da shekaru ana bin ofis-ofis kafin a biya, kuma bayan su tsohuwar ba ta da komai a duniya sai 'ya'yanta biyu. Dada ba ta yi kuka ba. Ta dafa katakon shagon, ta zauna a ƙasa a hankali, ta ce, "Innalillahi." Matan da ke layi su suka yi mata kukan.

*

Kafin azahar unguwa ta gama shari'arta, ba tare da an tambayi kowa komai ba. Mu haka muke. Wa ke danna wa Dada lambar sirri? Udochi. Wa ke riƙe katin? Udochi. To me ya rage?

Mu'tasim, autan Dada, direban keke mai saurin fushi, ya ajiye kekensa a gaban shagon ya dinga dukan katakon da tafin hannu. Matasa suka taru. Wasunsu ko sunan Dada ba su sani ba, hayaniya kawai suka jiyo. Wani ya jefa dutse a kwanon rufin. Wani daga baya ya ambaci fetur, kuma abin da ya tayar mana da hankali shi ne ba wanda ya juya ya tsawata masa.

Surukin Dada ne ya shiga tsakani. Hayatu, mijin babbar 'yarta Raudatu, dillalin shinkafa a bakin tafkin Njuwa, mutum mai sanyin murya da ba a taɓa ji ya ɗaga ta ba. Ana ganin girmansa, domin lokacin gudun Mubi, yana saurayi, shi ya goya Dada a bayansa cikin duwatsu sa'ad da ƙafafunta suka gaza. Bayan sun iso Yola ta ba shi 'yarta.

"Ku yi haƙuri, samari," ya ce. "A bi a hankali. Masu POS ɗin nan an ce suna da na'urar da ke kwafe kati, amma a bari hukuma ta tabbatar."

Ya raba faɗan, amma maganar na'urar kwafe kati ta shiga kunnen kowa ta zauna.

Jauro, mai unguwarmu, ya san halin yaransa. Ya roƙe su su ba shi zuwa Asabar bayan la'asar. Sannan ya aika a kira masa Baba Ɗantani.

Ɗantani tsohon mafarauci ne. Yana cikin waɗanda suka shiga daji da bindigar toka lokacin da gari ya rikice, aikinsa bin sawu. Ya dawo da kunne ɗaya da ba ya ji sosai, da halin rashin son magana. Yanzu in an saci akuya ko injin ban ruwa shi ake nema. Kati kuwa bai taɓa mallaka ba.

"Jauro, kuɗin da ke cikin waya ba su da ƙafa," ya ce.

"Wanda ya ɗauka yana da ita," in ji Jauro. "Ka taimake ni, Ɗantani. In aka ƙona matar nan, ba a kanta abin zai tsaya ba."

*

Ya sami Udochi a gidan hayar da take zaune, ta jingina tabarya a bayan ƙofa. Mijinta Onuora ya tafi Onitsha saro kaya. 'Yarta Somtochi tana ƙarƙashin gado, ta ƙi fitowa tun da ta ji jifan.

"Baba, a Jimeta aka haife ni," ta ce. "Ban san wani gari ba. Dada kaman uwa ne a wajena. Allah ya gani, ko kobo ban taɓa ba."

"Kin san lambarta?"

"Na sani. Shi Dada ne yake faɗa mini, ni in danna."

"Wa kuma ya sani?"

Udochi ta yi wata dariya mai kama da kuka. "Baba, ka taɓa jin raɗan Dada? Abeg, ka tambayi mai shayi na tsallaken titi."

Ya tambaya. Mai shayi ya sosa ƙeya, ya faɗi lambar ba gargada. Mai faci ma ya faɗa. Mai sayar da rake ya faɗa har da kwaikwayon muryarta. Dada kunnenta ya yi nauyi, abin da take ɗauka raɗa ne ana jin sa har bakin masallaci. Ashe sirrin da ake shirin ƙona mace a kansa rabin unguwa ke yawo da shi a ka.

Ɗantani bai ji daɗi ba. Da safe mutum ɗaya ake zargi, yanzu ba wanda zai iya cirewa.

*

Washegari ya raka Dada da Raudatu banki a Jimeta. Aka haɗa su da wata ma'aikaciya mai suna Becky, yarinya mai haƙuri, wadda ta juyo da allon kwamfutarta ta yi musu bayani dalla-dalla. Ta fara toshe katin. Sannan ta ce ba a shagon Udochi aka cire kuɗin ba. A wajen wani mai POS ne a babbar kasuwar Jimeta, kaɗan-kaɗan, tsawon watanni, kuma ko da yaushe ranar Juma'a da yamma.

"Ba ki ga alat ba, Mama, saƙon da banki ke turowa a waya?" in ji Becky.

Raudatu ta ce wayar Dada ta cika da saƙo tun bara, kuma Dada ajami take karantawa.

"Za a dawo mata da su?" in ji Ɗantani.

Becky ta dube shi. "Gaskiya zan faɗa muku, Baba. In bincike ya nuna kwafe katin aka yi, ko daga waje aka shigo mata asusu, akwai hanya, za mu bi mata. Amma in katinta na gaske aka saka, da lambarta, kuma wani na gida ne ya ɗauka, banki ba zai biya ba. Sai dai ku nemi mutumin."

"Binciken zai kai yaushe?"

"Makonni. Wani lokaci ya wuce haka."

Ɗantani ya tuna cewa zuwa Asabar kawai aka ba Jauro. Kuma ya gane wani abu da ya fi wannan muni. In Udochi ce, Dada tana da bege. In ba ita ba ce, babu. Duk mai ƙaunar tsohuwar nan yanzu yana da dalilin so ya zama Udochi.

*

A gida Dada ta nuna masa inda take ajiye katin: cikin wata kwalla mai murfi a kan jerenta, a naɗe cikin tsumma.

"Yana kwana a wani wuri?"

"Bai taɓa ba."

"Wa ke shiga ɗakin nan, Dada?"

"Ni. Raudatu. Mu'tasim."

"Ba maƙwabciya? Ba mai kitso?"

"A tsakar gida ake mini kitso."

"Ba wani kuma?"

"Ba kowa," ta ce, ta dube shi ido cikin ido. Ɗantani ya san idon mai ƙarya, kuma wannan ba shi ba ne.

Raudatu takan wuni a gidan duk Juma'a, tun daga bayan masallaci har magariba, ba ta kaiwa ko bakin titi. Maƙwabta sun tabbatar. Saura Mu'tasim, wanda kekensa ke zuwa Jimeta sau da yawa a yini, kuma ana raɗe-raɗin yana leƙa shagon caca na ƙwallo. Da Ɗantani ya tare shi a tasha ya tambaye shi inda yake zuwa ranar Juma'a da yamma, yaron ya yi tsalle kamar an zuba masa garwashi.

"Ni? Ni kake zargi, Baba? Nawa Inyamurar ta ba ka?"

Direbobin da ke wurin suka zuba wa tsohon ido. Daga ranar, in ya wuce majalisar matasa ba mai gaishe shi. Laraba da safe aka tarar an shafa jan fenti a ƙofar gidan da Udochi ke haya. Mai gidan ya ce ta nemi wani wuri, shi ba zai yi asarar gininsa ba. Sauran Inyamuran layin, mai kemis da mai kayan gyaran mota, suka fara rufe shago tun kafin la'asar. Waɗanda suka ga abin da ya faru a shekarun baya ba sa jiran a faɗa musu sau biyu.

*

Mai POS na kasuwar Jimeta sunansa Joel, ɗan ƙasar Michika. Ba shi da shago, lema ce kawai da wata 'yar gajeriyar kujera a bakin layin masu atamfa. Da ya ji abin da ke tafe da Ɗantani, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Baba, ni kati nake gani da lamba. In ya shiga, in ba da kuɗi. Kar a sa ni a wahala."

"Ba wanda zai sa ka. Mai zuwa ranar Juma'a, ka tuna shi?"

"Na tuna. Ya ce katin maman shi ne, ba ya da lafiya. Babban mutum, da babban riga."

"Fuskarsa?"

"Kullum da takunkumi, wai mura. Da tabarau."

"Yaro ne? Direban keke?"

"A'a, ya manyanta. Maganan shi sanyi-sanyi."

Ɗantani ya tsuguna daidai tsayin kujerar Joel, ya dubi abin da mai zama a nan ke gani yini guda: gefen riguna, da ƙafafu masu wucewa.

"Wane takalmi yake sawa?"

Joel ya kalli ƙasa. Sai ya ce, "Buɗaɗɗe, irin na zuwa masallaci. Baba... ƙafan hagu. Ƙananan yatsu biyu babu. Kullum sai in ce ba zan kalla ba, sai in kalla."

Ɗantani ya koma Yola ya wuni yana kallon ƙafafun mutane. Ya zauna a wajen alwala har ladan ya tambaye shi ko lafiya. Ya kalli na mai shayi, na mai faci, na mai rake. Ya kalli na Mu'tasim, yatsu goma cif, duk da datti. Alhamis ta wuce bai samu komai ba, kuma a majalisar matasa an daina ɓoye jarkar fetur.

*

Juma'a bayan la'asar ya koma gidan Dada, ba don yana da wata sabuwar tambaya ba, sai don ba shi da wani wurin zuwa.

Tsakar gidan Dada irin na Fulanin Yola ne, an shimfiɗe shi da farin yashin kogi, ana share shi kowace safiya har tsintsiya ta bar zane. Sauran ranakun da ya zo da hantsi ne, yashin bai ga ƙafa ba tukuna. Yau kuwa an wuni a kansa. Ɗantani ya yi sallama daga zaure, ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya cak.

Ga sawun silifas ɗin Mu'tasim, ya ja su har bakin ɗaki kamar yadda 'ya'yan gida ke yi. Ga na Raudatu tsakanin ɗaki da madafa. Amma a nan bakin zaure, nesa da ɗakin, akwai wurin da aka tuɓe takalmi aka ajiye a jere. Daga nan sawun ƙafa tsirara ya miƙe, na namiji, mai nauyi. A tsakiyar fili mai sawun ya durƙusa, ga gurbin gwiwarsa. Sannan ya tashi ya nufi ɗakin Dada, ya shige, ya fito. Ƙafar hagu yatsu uku take bari a yashi.

Akwai wani sawun kuma, ƙanƙane, na tsohuwa. Ya fito daga ɗakin da sauri, taku gajere-gajere, ya zagaya bayan madafa, ya tsaya a can ya daɗe.

Mutum ɗaya ne a duniya zai tuɓe takalmi tun daga zaure a gidan nan, kuma mutum ɗaya ne Dada za ta gudu ta bar wa ɗaki.

Raudatu ta shiga maƙwabta. Dada na zaune a kan tabarma tana jan carbi. Ya zauna nesa kaɗan.

"Dada, wa ya zo yau?"

"Ba kowa."

"Wa ya kawo Raudatu?"

Ta ja gyalenta ta rufe gefen fuska, ta kalli bango.

"Mai gidansu," ta ce can ƙasa.

"Yana shiga ɗakinki?"

Carbin ya tsaya.

A hankali, da tambaya ɗaya-ɗaya, ya ciro zancen, ita kuma tana amsawa da kai. Duk Juma'a in surukinta ya kawo Raudatu, da ta ji sallamarsa sai ta fice bayan madafa, daga can take amsa gaisuwa. Shi kuma ya shiga ya ajiye mata ɗan abin da ya riƙo, sukari ko sabulu, don ba zai miƙa mata hannu da hannu ba. Da magariba in ya dawo ɗaukar matarsa, a ɗakin ake ajiye masa abinci, a saki labule, kowa ya ba shi wuri, domin suruki ba ya ci a gaban mutane. Tun ranar da aka ɗaura auren ba ta zauna da shi a inuwa ɗaya ba, ba ta kalli fuskarsa ba, sunansa bai fito daga bakinta ba. Da aka tambaye ta masu shiga ɗakinta, ta lissafa waɗanda bakinta zai iya lissafawa. Kuma ko a zuciyarta ba ta taɓa ƙirga shi cikin masu shiga ba, tunda ba ta taɓa gani da idonta ba.

"Yatsunsa," in ji Ɗantani. "A hanyar Mubi?"

"Dutse ne," ta ce. "Ina bayansa lokacin. Bai sauke ni ba."

Ya faɗa mata abin da Joel ya gani. Dada ta ajiye carbin. Can ta ce, "Ka tafi, Ɗantani. Magariba ta kusa."

Ya tashi. Yana zaure ya ji ƙarar tsintsiya a bayansa. Bai juya ba. Ya san me ake sharewa.

*

Asabar bayan la'asar zauren Jauro ya cika. Dada da Raudatu suna gefe ɗaya a lulluɓe. Mu'tasim yana tsaye ya harɗe hannu. Hayatu na zaune kusa da Jauro, da safa a ƙafarsa. Udochi tana lungu ita kaɗai, ta rungume Somtochi, domin ba wanda ya yarda ya riƙe mata ita. Joel ya zo, amma kallo ɗaya za ka yi masa ka san ya yi nadamar zuwa. A waje kuwa matasa sun cika layin har bakin titi, ana jin guna-guninsu ta taga. 'Yan sandan da Jauro ya kira sun ce suna hanya.

Ɗantani bai iya doguwar magana ba. Ya ce lambar kowa ya san ta. Ya ce katin ba kwafe shi aka yi ba, ɗauka ake yi bayan masallaci a mayar da magariba. Ya sa Joel ya faɗi abin da ya gani. Sannan ya ce, "Malam Hayatu, a taimaka a cire safa."

Hayatu ya yi murmushi, ya cire ba musu. Yatsu uku.

Raudatu ta yi wani ƙaramin sauti ta toshe bakinta.

"Jauro, Allah ya ba ka nasara," in ji Hayatu, muryarsa kamar kullum. "Kowa ya san inda na bar yatsun nan, da wadda na ɗauko sa'ad da na bar su. Mu da muka taka daga Mubi, nawa ne ƙafafunmu suka iso lafiya? A je sansanin 'yan gudun hijira a ƙirga. Wannan yaron kuwa bai ga fuska ba, da bakinsa ya faɗa. Sana'arsu ɗaya da matar nan, cocinsu ɗaya. Me ake tsammani zai ce?"

Maganar ta fita ta taga kafin ya rufe baki. Aka ji ihu a waje. Wani ya buga ƙofar zauren da ƙarfe. Somtochi ta fashe da kuka, Joel ya fara waige-waigen hanyar fita.

"Akwai sawunka a yashi," in ji Ɗantani. "Har cikin ɗaki."

"A je a duba," in ji Hayatu.

Ɗantani ya tuna ƙarar tsintsiyar jiya, kuma Hayatu ya ga haka a fuskarsa.

"Ni iyakata tsakar gida," ya ci gaba. "Ina durƙusawa in gaishe ta in tashi. Ɗakin surukata? Wane irin mutum aka ɗauke ni? Ga ta nan, a tambaye ta."

Ya faɗi haka hankalinsa kwance, domin ya san wadda ya ce a tambaya. Ni ina wurin, kuma ban taɓa jin tsoron mutum mai sanyin murya irin na ranar ba.

Jauro ya juya. "Dada Sakinatu, ki yi haƙuri. Ba don rai ba da ba zan tambaye ki ba. Bayan 'ya'yanki, akwai mai shiga ɗakinki?"

Mu'tasim ya durƙusa kusa da ita. Shi ma ya gaji raɗan uwarsa, don haka duk muka ji. "Dada, in kika ce na gida ne, banki ba za su biya ba. Shi ke nan kuɗin Baba. Ki tuna Adda Raudatu da yaranta."

Dada ta sunkuyar da kai. Aka sake buga ƙofar, wannan karon har ƙasa ta zubo daga samanta. Warin fetur ya shigo ta taga. Udochi ba ta roƙi kowa ba. Ta dai juya fuskar 'yarta ta manna a ƙirjinta, ta rufe mata kunnuwa da hannu biyu.

Dada ta kalli wannan. Ta daɗe tana kallo.

Sai ta sauke gyalen daga fuskarta. Ta juyo gaba ɗaya, ta dubi surukinta, abin da ba wanda ya taɓa gani. Shi ne ya fara kawar da kai.

"Yana shiga," ta ce. "Duk Juma'a, sau biyu. Jiya ni na share sawun."

"Wa, Dada?" in ji Jauro a hankali. "Na waje ba za su karɓi 'yana' ba. Sai da suna."

Bakinta ya yi motsi ba sauti. Raudatu ta kama gefen zanenta tana cewa, "Dada, Dada," amma ba ta dube ta ba.

"Hayatu," ta ce.

Da raɗa ta faɗa, irin nata. Har bakin titi aka ji.

Layin ya yi tsit. Hayatu ya zauna da safarsa a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta. Da ya yi magana, sanyin muryar ya tafi.

"Shinkafa ce ruwa ya cinye, Dada. Zan mayar. Wallahi da niyyar mayarwa nake ɗauka." Sai kuma ya ɗaga murya, "Ni na goya ki! Da na bar ki a dutsen nan, wa zai ce don me?"

"Ba kowa," in ji Dada. "Ka goya ni. Har in mutu ban gama biyanka ba. Kuɗin na bar maka, ba zan kai ka ko'ina ba." Ta nuna lungun da Udochi take. "Amma wannan ba ta ci bashinka ba."

Ta dafa bango ta miƙe. Mu'tasim ya kawo hannu zai taimaka, ta ture shi. Ta taka har lungun, ta kama hannun Udochi, ta ce wa Jauro a buɗe ƙofa.

"Dada, ki bari 'yan sanda su iso."

"A buɗe."

Aka buɗe. Tsohuwar ta fita a gaba, Udochi na biye da 'yarta a kafaɗa, Ɗantani a bayansu. Matasan suka dare, ba mai kallon idon wani. Wanda ke riƙe da jarkar ya ajiye ta a gindin bango, ya matsa gefe kamar ba shi ya kawo ta ba. Suka ratsa layin a hankali, da irin tafiyar Dada, har suka kai kwana.

A nan ta tsaya ta waiwaya. Ta tsaya jim tana duban ƙofar zauren, tana jira. Mutane suna ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. Raudatu ba ta fito ba.

"Mu je, Mama Somto," ta ce. "Yau a ɗakina za ku kwana."